Dutsen da Yaya Ambrose Yake Takawa

Yayana Ambrose Trotter magini ne kamar ubanmu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ƙurar dutse ta dusashe masa murya tun yana saurayi, ga taurin kai kamar na jaki. Bai taɓa aure ba. Ni Isbel, ƙanwarsa, ni nake kai masa burodin sha'ir da cuku, ni nake masa wanki, kuma shekara goma cur na yi ina jin kunyar a ce ciki ɗaya muka fito.

Dutsen bagaden cocin ƙauyenmu ne ya jawo. Faffaɗan dutse ne mai gicciye biyar a sassaƙe, tun kaka da kakanni a kansa ake tsarkake gurasa. Masu sarautar London suka hana shi sakat. Tsohon sarki ya ɓata da Paparoma a kan sakin matarsa. Ɗansa ya hau, ya ce a rushe bagadai, aka kira Ambrose ya sauke namu. 'Yar'uwar yaron ta gaje shi, ita Katolika ce, ta ce a mayar, Ambrose ya mayar. Ƙanwarta ta hau, aka ce a sake saukewa. Mu talakawa namu "to" ne, ba wanda ya taɓa tambayarmu.

A na ukun nan ne aka ƙara da cin fuska. Mutanen sabon bishop suka ce a shimfiɗa dutsen a bakin ƙofar coci, gicciyen yana sama, don duk mai shiga ya taka. Ambrose ya rufe ƙofar kwana huɗu, ya ce ɗanyen kwaɓin gini ba ya son a taka shi, ya yi ta kai da kawo da amalankensa. Da aka buɗe, ga dutse a ƙasa.

Ba wanda ya shirya da wani, amma daga ranar kowa tsallakawa yake. Tsofaffi su tattare zane su buɗe ƙafa, yara a ɗaga su ta hammata, masu ɗaukar gawa ma sai sun rage tafiya sun yi dogon taku. Mutum ɗaya ne ba ya tsallakawa. Ambrose a tsakiyar gicciyen yake ɗora takalminsa, in akwai taɓo har ya tsaya ya goge.

Na tare shi a gida, raina a ɓace.

"Yaya, ko tsoron Allah ba ka ji?"

"Dutse ne, Isbel. Ni na san dutse."

"To ka tsallaka mana! Ƙafar ce za ta karye?"

"Gajere ne ni. Miƙo cukun nan."

Mutane suka daina gaishe shi. In ya zauna a gidan giya, bencin sai ya zama nasa shi kaɗai. Mijina Miles, makiyayin tumaki mai zafin kai, Yahuza maci amana yake kiransa, a gaban 'ya'yanmu uku. Ni kuwa ban taɓa hana shi ba.

Shekara ta goma sha ɗaya ta sarauniyar da ta sa aka sake sauke dutsen, ana shiga sanyi, manyan masu ƙasar arewa suka yi mata tawaye, suka ce za su dawo da tsohuwar ibada ta Katolika. Ƙauye ya ruɗe da murna. Miles ya tafi wurin Ambrose aron ƙarfen ɓanɓarar dutse, ina biye da shi.

"Kada ka taɓa shi," in ji Ambrose. "Miles, ka bar shi inda yake. Bai kai wuyanka ba."

"Ji mana! Mai goge takalmi da gicciye ne zai yi mana wa'azi. Za ka ba ni ko in ɗauka?"

Ya ɗauka. Shi da maza huɗu suka ɓanɓare dutsen, suka ɗora shi a mazauninsa na da. Wani tsohon fada, limamin Katolika, ya fito daga inda yake ɓoye ya yi mana ibada da Latin, muka yi ta kuka, har da ni. Ambrose bai zo ba.

Mako shida ba su cika ba, manyan suka tsere Scotland, suka bar mu da abin da muka aikata. Bayan Kirsimeti wani kyaftin ya iso da dakaru goma sha biyu da takarda. Kowane ƙauye an rubuta masa adadin wuyan da zai bayar. Namu ɗaya ne.

Da hantsi aka tara mu a filin coci, ƙanƙara har idon sawu. Wani soja ya riga ya jefa igiya a reshen babbar bishiyar da ke bakin katanga.

"Ba ni da lokaci," in ji kyaftin. "Akwai ƙauyuka uku gabana kafin rana ta faɗi. Wa ya jagoranci ɗaga bagade?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Sai kukan tumaki daga nesa.

"To. Zan zaɓa da kaina, kuma daga samari zan fara."

Miles ya saki hannuna ya fita gaban kyaftin. Ƙaramarmu ta riƙe mini zane tana tambayar ina Baba za shi. Suka ɗaure masa hannu ta baya.

"Ranka ya daɗe, me za a rataye wannan sakaran a kai?"

Muryar Ambrose ce, a dusashe. Ya ratso mutane, hularsa a hannu.

"Kai wane ne?"

"Maginin garin. An ce laifin ɗaga dutsen bagade ne, ko? To wannan bai taɓa ɗaga bagade ba. Dokin ƙofa ya ɗaga. Ni na faso shi daga dutsen bayan gari shekara goma da suka wuce, ni na sassaƙa masa gicciye biyar. Ko a gidan giya aka shimfiɗa shi daidai ne."

Wata tsohuwa ta yi ƙara. Miles ya juyo, bakinsa a buɗe.

"Na ainihin fa?" in ji kyaftin, a hankali.

"Yaya, yi shiru!" Ban san sanda na faɗa ba. Allah ya gafarta mini, ban kuma san ko da gaske nake ba.

Bai ko dube ni ba. "Yana ƙarƙashin murhuna. A tura mutum biyu da diga."

Muka tsaya cikin sanyin nan muna jira. Ina kallon igiya tana lilo, ina lissafin abin da ba ya lissaftuwa: in ƙarya yake, mijina, in gaskiya yake, yayana. Can sai ga sojoji suna jan dutse a amalanke, baƙi wuluk da toka. Da aka goge, gicciyen suka fito, gefensu ya sulɓe saboda tsufa. Kowa ya gane shi. Shekara goma kenan kullum safiya a gabansa Ambrose yake durƙusawa yana hura wuta, mu muna tofar da yawu in ya wuce.

Kyaftin ya yi dariya ba ta jin daɗi ba. "Wato gari guda kun yi shekara goma kuna tsallake dutsen banza. Kai kuma ka ɓoye abin da sarauniya ta ce a taka. Takarda ta ce ɗaya, ba ta ce wane ba. Kwance wancan."

Suka farfasa dutsen da guduma a gabanmu. Ambrose ya juya baya, wannan kaɗai ne ya kasa kallo. Na rarrafa na kama ƙafarsa.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ni fa ƙanwarka ce!"

"Da kin sani, da kin daina tsallakawa. Da an gane." Ya ɗago ni. "Tashi, yara suna kallonki."

Kyaftin ya dubi dakarunsa, sannan ya dubi Miles da ke murza wuyan hannu.

"Yarana hannunsu ya gaji tun jiya. Kai da ka tsira, zo ka ja igiyar."

"Ranka ya daɗe, don Allah..."

"Ko ka ja, ko in gyara takardar ta zama biyu."

Miles ya tsaya yana kallon igiyar. Ambrose ne ya yi magana, da muryar da yake ba 'yan aiki umarni.

"Zo nan, Miles. Ka ja da ƙarfi, lokaci guda, kada ka tsaya a rabi. Ka ji ni?"

Ya ji shi. Ya ja da ƙarfi.

Shekara ashirin da biyu muka ƙara tare da Miles. Na dafa masa, na yi jinyarsa, ni na rufe masa ido. Mutumin kirki ya zama, mai shiru. Amma tun daga ranar, in ya miƙo mini hannu, sai na kau da kai kafin in iya kamawa, kuma ya sani.