Mushe Attahir da Igiyar Rijiya

Shekara talatin da ɗaya Mushe Attahir ya yi yana shiga kolej ɗin ƙauyenmu, nan gefen Tarka, da igiya a kafaɗa. Baƙo ya gan shi sai ya ɗauka mai haƙar rijiya ne. Malamin lissafi ne (a nan Mushe muke ce wa malamin boko), marar yawan magana, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya ga haƙoransa kafin azahar ba. Igiyar tana da ƙulli a kowace gaba, da jan tsumma a tsakiya. Tsumman nan shi ne sifiri.

Labarin da aka fi ba da shi na Halimatu ne, 'yar Barmo makiyayi. Ta riga ta maimaita aji sau ɗaya, in ta sake faɗuwa kora ce. Abin da ya tsaya mata a wuya lambobin ƙasa da sifiri ne. Ta kafe cewa −40 ya fi −10, tunda arba'in ta fi goma, ko a awaki ko a jakuna. Gaskiya ni ma da na goya mata baya.

Mushe bai yi musu da ita ba. Ya kwashi ajin zuwa rijiya, ya ce bakin rijiya shi ne sifiri, abin da ke bisa yana da alamar ƙari, na ciki alamar ragi. Ya sa ta zura guga gaba goma, ta ƙara har arba'in, sannan ya tambaye ta a ina gugan ya fi kusa da sama.

Ta daɗe tana leƙen rijiyar. Ta ce, "A goma, Mushe. Amma arba'in ta fi cin igiya."

Ya ce, "Duka biyun daidai ne. Tsawon igiya shi ne nisa daga sifiri, ba ruwansa da sama ko ƙasa."

Barmo yana wurin yana shayar da raƙuma, shi ya ba ni labarin. Halimatu ta wuce aji a shekarar.

Bara, bayan ta gama karatunta, ta dawo ƙauyen tare da masu haƙa rijiyar zamani, ita ce mai awon zurfi. Da aka gama ta rubuta −62 a jikin simintin tun bai bushe ba. Aka kira Mushe ya gani. Ya duƙa ya duba ko ta manta alamar, ya tarar tana nan, ya miƙe ya tafi abinsa.

Watan nan ya ajiye aiki. Mushe, kai ne ka ɗauki abin da yaranmu suka sani tun suna goye ka mayar musu da shi karatu. Mun gode, Allah ya saka. Malaman da ke tafe, kafin ku ce yaro ba ya ganewa, ku tambaye shi aikin da yake yi a gida.