Lilon da Aka Kafa a Inuwa

Wata Lahadi ce a tsakiyar watan Yuli, shekarar da zan shiga aji huɗu, rana ta buɗe a unguwar Highbridge ta New York har kwalta na kama takalmi. Duk manyan gidanmu suka fito bayan gida suna zufa, ana neman inda za a kafa mana filin wasa. Gidan haɗaka ne, bene guda mai iyalai da dama, mutanen Kano da Maradi da Kumasi. Kowa da sashensa, amma kicin babba ɗaya ne a ƙasa, kuma duk Lahadi tare ake ci. Mu yara ne ke wanke kwanuka, mu kwashe shara, sannan mu yi langa da ɓuya a matattakala har wani ya leƙo ya kore mu. Ba wanda ya ƙagu da wannan fili kamar ni, domin Ummata ta hana ni zuwa filin wasan unguwa. Aikin kula da tsofaffi take yi, ba ta gida, kuma a ganinta duk inda idon ɗan gida bai kai ba daji ne. Ban taɓa hawa lilo ba.

Bayan gidan kashi biyu ne: ɓangare ɗaya rana na dukansa wuni guda, ɗayan kuma yana gindin doguwar katangar maƙwabta, rana ba ta taɓa shi. Baba Isufu, mutumin Maradi da ke kasuwanci a Canal Street, shi ne shugaban kwamitin gidan. Ya tsaya a rana kaɗan, ya goge wuya, ya koma gindin katanga ya ce, "Bon, to, nan za a yi shi. Ɗiyanmu ba tumatir ba ne da za a shanya." Aka yi dariya, kowa ya amince. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san inuwa ake nema wa yaro. Ɓangaren rana aka bar wa mata, suka shuka yakuwa da kuɓewa, aka ɗaura igiyar shanya.

Aikin ya ja, saboda mazan ne ke yi da hannunsu, kuma yawancinsu direbobin tasi ne, sai Lahadi ake haɗa su. Ni kuwa kullum na dawo makaranta sai na je na taɓa ƙarafan. Ba a rataya lilon ba sai ƙarshen Nuwamba, kuma a makon dusar ƙanƙara ta sauka. A gonar mata ta narke bayan kwana kaɗan. A gindin katanga kuwa ta zauna, indararo na zuba mata ruwa, ta daskare kamar gilashi. Wani yaro ya gwada, ya zame ya fasa haɓa, aka ɗaure lilon da igiya. Duk sanda na yi magana, amsar Umma ɗaya ce: "Ki bari ta narke, lilo ba gudu zai yi ba."

Lilon bai gudu ba, mu ne muka tashi. A watan Maris Babana ya sami aiki a wata jiha, muka ɗaure kaya. Ranar tafiya na zagaya baya, na tarar har yanzu ƙanƙarar na nan. Na yi kuka sosai, Umma ta ɗauka rabuwa da ƙawaye ne.

Yau na dawo New York da 'ya'yana, ina kai su filin da masana suka tsara, ƙasan roba ce, rana na shiga ta ko'ina, har a tsakiyar sanyi ana wasa. Sai dai ba wanda ya san sunansu a wurin, ni kaɗai ke kallonsu. Mu an yi mana kuskure, amma gida guda ne ya taru ya yi shi, don kada rana ta taɓa mu.