Takardar da Malam Sidi Bai Karanta Ba

Ni haifaffen unguwar Koki ne a Kano, ɗan gidan maɗinka. Mahaifina ya so in gaji allura, amma kunnena ya fi hannuna sauri. Lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, na yi ta dako a wajen Turawa har na tsinci Turanci, kaɗan nan kaɗan can. Da yake kuma ina rubuta ajami mai kyau, sai aka ɗauke ni tafinta a wani ɗakin shan magani. Ku saurare ni, samari. Ban taɓa fasa gidan kowa ba, amma na yi shekaru a gidan yari, kuma ba zan ce an zalunce ni ba.

Aikin yana da tsari. Likita, wani Bature mai yawan shiru, zai faɗi yadda za a sha magani, ni in rubuta da ajami. Sai a miƙa takardar ga Malam Sidi, wani dattijo da ya zauna a Lokoja ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba. Shi ba ya zama inda zai ji maganar Likita. Takardar kaɗai yake gani, sannan ya shigo ya mayar wa Likita abin da ta ce da Turanci. In ya yi daidai, a ɗaura ta a wuyan kwalba. In bai yi ba, a yage a sake.

Wannan abu ya tsaya mini a rai, don Malam Sidi yana karatu ne kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wata rana ya ce mini, "Malam, ka rubuta a sha, ba ka ce kafin abinci ko bayan abinci ba."

Na ce, "Haba Baba, ai duk ciki ɗaya za su shiga."

Ya ce, "Ba cikinka ba ne."

Da goro aka fara. Wanda ya gaji da jira sai ya danƙa mini guda biyu, ni kuwa in ɗaura masa takardarsa ba tare da ta bi ta hannun Malam Sidi ba. Babu abin da ya faru, sai na ƙara. Daga nan na soma sakaɗa kwalba a aljihun riga in tafi da ita gida. Kafin shekara ta zagayo, zaurenmu ya zama wurin shan magani, ana kirana likitan Koki, ni kuma ina amsawa babu kunya.

Wata safiya Hajara ta zo, wata mai fura daga unguwar Sheshe. Mijinta Malam Buba, dillalin shanu, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, ya kuma rantse Bature ba zai taɓa shi ba. Ina da wata 'yar ƙaramar kwalba da na san Likita yana ba masu irin wannan ciwo. Amma a ɗakin ciki yake bayarwa da hannunsa, ban taɓa ganin yawan da yake zubawa ba. Rubutun jikinta kuwa ya fi ƙarfina. Na ɗaga kwalbar ina motsa leɓe kamar mai karatu, na rubuta: cokali ɗaya safe, ɗaya rana, ɗaya yamma. Na ce mata, "Haka Turancin ya ce." Ta karɓa hannu bibbiyu tana sa mini albarka.

Washegari hankalina ya ƙi kwanciya, sai na tambayi Malam Sidi a kaikaice. Ya ce, "Wannan ai ɗigo-ɗigo ake ba da shi cikin ruwa. Shi ya sa Likita ba ya bari ya fita."

Daga wurin aiki zuwa Sheshe ba wata tafiya ba ce. Na je har bakin lungunsu, ina hangen ƙofar gidan, sai na tuna in na yi magana asirina ya tonu. Na juyo. Kwana na biyu ma haka na yi, ina ce wa kaina ƙila ya ƙi sha, ƙila kwalbar ta fashe. Ko sallama aka yi a zaure sai in zabura. A safiya ta uku, tun kafin in kai lungun na ji koke-koke.

Likita ya lura kwalbarsa ta ɓata, 'yan'uwan mamacin kuma suka kai ragowar maganin da takardata gaban alƙali. Rubutuna ne, babu wanda bai san shi ba. A nan Hajara ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ban iya karatu ba, sai na sa liman ya karanta mini har sau biyu. Ban tsallake ba mijina maganin ko sau ɗaya ba. Yana amai yana cewa ya isa, na ce masa takarda ba ta ce a daina ba."

Aka yanke mini ɗauri. Da aka sake ni, furfura ta riga ta fito mini. Na tuba ga Allah, na koma kan allurar mahaifina, na kuma je neman gafarar Hajara. Sai ta ce, "Malam, abu ɗaya nake so ka faɗa mini. Ko cokalina ne ya yi girma?"

Ashe duk shekarun nan da wannan take kwana take tashi. Na ce mata, "Wallahi Inna, ba ki da laifi. Ban san abin da kwalbar ta ce ba, na ƙaga ne. Da na gano kuma, tsoro ya hana ni zuwa." Ta yi kuka, ta ce ta yafe nata, na mijinta kuwa sai mun haɗu a can.

To, ku da kuke koyon harshen Turawa yanzu, za a sa ku tsakanin likita da marar lafiya. Abin da ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba, ko da za a yi muku dariya. Kada ku ji haushin mai duba aikinku. In kun gano kun yi kuskure, ku ruga da gudu a ranar, kada ku tsaya a bakin lungu. Wanda zai karɓi takardarku ba zai yi gardama da ita ba. Zai bi ta yadda Hajara ta bi tawa, har cokali na ƙarshe.