Ungulu Mai Ƙafar Agwagwa

Ni dai ban yi nisa a boko ba. Ina tsakiyar firamare aka ɗora ni kan keken ɗinki, kuma a kansa na tsufa, a wani ɗan shago nan Ƙofar Kwaya. Amma duk gajartar karatuna sai da na bar tarihi a ilimin tsuntsaye, domin ni ne na ƙago ungulu mai ƙafar agwagwa. Ba na alfahari da wannan muƙami.

Ina da jika, ɗiyar babban ɗana, tana ajin ƙarshe na firamare. A waje nauyin baki gare ta, a makaranta ma ba ta cikin masu ɗaga hannu. Zane ne kawai abin da take yi ta ɗaga kai. Tsakanina da ita kuwa wasan kaka da jika ne, irin wanda muka gada. Ta ce mini tsoho mai ran ƙarfe, in ce mata mutuniyata mai kan kwakwa. In na ce ina saurayi na kayar da kura a Ƙofar Guga, sai ta ce ai warin hulata kurar ta shaƙa ta suma. Ba mai riƙe maganar wani.

Bara wasu masu kula da namun daji suka shiga makarantu da gasar zane. Kowane yaro zai zana dabba ko tsuntsun da ke neman ƙarewa, a kafa zanen a wani zaure a GRA, masu hali su saya, abin da aka samu ya tafi wajen kare waɗanda suka rage. Malamarsu ta hana kwafa daga waya ko littafi. Ta ce kowa ya je ya tambayi tsohon gidansu abin da ya gani da idonsa.

Jikata ta zaɓi ungulu, wai tana jin ta a karin magana amma ba ta taɓa ganinta ba. Sai a lokacin na lura ni ma na daɗe ban gani ba. A zamaninmu jere suke yi kan katangar mahauta kamar masu zaman makoki. Wasu sun ce guba ce ta cinye su, wasu sun ce masu neman kawunansu don magani ne. Ni dai ban san ranar da suka daina zuwa ba.

Bayan la'asar ta zo shago da takarda. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta gaishe ni tun daga wuni har gajiya har ƙarfin jiki, ta kira ni Kaka, babu tsoho a ciki. Da hankalina ya kai shekaruna, da na gane yau ba wasa ya kawo ta ba. To amma abokaina biyu na zaune a benci, kuma tsoho in ya samu 'yan kallo sai addu'a.

Na gyara murya. Na ce ungulu sanƙo gare ta, wannan kam gaskiya ne. Daga nan na saki linzami. Na ba ta gemu irin na bunsuru, na ba ta jela irin ta zakara, na ce ƙafarta shimfiɗaɗɗiya ce kamar ta agwagwa saboda a cikin jinin mahauta take tafiya. Abokaina suna gyaɗa kai suna cewa haka ne, suna ɓoye baki a hannun riga. Ina jira ta rama, sai kawai ta tambaye ni gemun fari ne ko baƙi. Na ce ya danganta da shekarun ungulun. Ta rubuta, ta yi godiya, ta tafi. Na ce a raina yarinyar nan ta ƙware, har ta iya riƙe fuska kamar ni.

Ko ubanta ba ta nuna wa zanen ba, wai sai ranar da za a kafa shi a zauren. Malamar kuma ta tattara ta miƙa ba ta gyara wa kowa ba, tun da bakin tsofaffi aka ce ana so.

Ranar na sa babbar rigata ta Juma'a. Bango ya cika da gauraka da barewa da jimina. Can na hangi mutane sun taru wuri guda, jikata tsaye gefe tana murmushi, tana zaton yabo ne ya tara su. Ni tela ne, na san aikin da aka ɓata wa lokaci. Gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya ta yi shi, idon tsuntsuwar kamar zai ƙifta. Ga gemu fari tas, ga ƙafar agwagwa rawaya.

Wata Hajiya daga cikin alƙalan gasar ta sunkuya ta tambaye ta a hankali wanda ya siffanta mata. Ta nuna ni.

"Kakana ne," in ji ta. "Ya gan ta da idonshi."

Wani dattijo, daga ganin hannunsa tsohon mahauci ne, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, wace mahauta ce taku? Ko ta bakin kogi ce?"

Aka tuntsire da dariya. Ni da ban taɓa rasa amsa ba tun ina yaro, na tsaya ina gyara hula. Hajiyar ta ce hannun yarinyar ya fi na kowa, amma zanen da ya ci za a buga a kalanda don mutane su san tsuntsuwar, saboda haka wannan ba zai shiga sahu ba. Wani Alhaji ya saye shi yana share hawayen dariya, wai zai kafa a kantinsa.

A keke napep muka dawo. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Mun kusa gida ta ce, tana kallon titi:

"Da ka ce ka manta, Kaka."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta faɗi daidai. Na yi rabin rayuwata ina wuce ungulu ban taɓa tsayawa na dube ta ba. Ban da sanƙon, ba abin da na riƙe. Ƙarya ta fi mini sauƙi da in ce ban sani ba a gaban abokai.

Bayan kwana biyu na rufe shago na tafi mahauta, na zauna da tsofaffin mahauta, na sha tsiya har na ƙoshi. Suka yi ta gardama a kan launin wuya, amma sun haɗu a kan sauran: fuska ba gashi, mai ɗan ja-ja, baki siriri mai lanƙwasa, ƙeya kamar an manna audugar da ta sha dauɗa, jela gajera, ƙafa mai yatsu a rabe kamar ta kaza. Na haddace kamar karatun allo, na kawo wa jikata tana wanke-wanke. Na jera mata duka ba tare da na ƙara ko gishiri ba.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wa ya hwaɗa maka?"

Na gaya mata. Ta ce to, za ta roƙi babanta ya kai ta ranar Asabar ta ji daga bakinsu. Na ce hakan ya yi daidai. Na so in ce zan raka su, sai na ga ba a gayyace ni ba.