Abin da Yarinyar Ta Faɗa wa Akuyar Tsumma

Daminar da ruwa ya yi ɓarna a ƙauyukan Gwandu, ƙanena ya kawo mini 'yarsa Kalgo a bayan babur. Bangon ɗakinsu ne ya faɗi a Ceberu ana tsakiyar ruwa da rana, ya danne uwar yarinyar tana ƙoƙarin janye buhun gero. Kafin maƙwabta su tono ta, rai ya yi halinsa. Yarinyar tana tsaye ƙarƙashin rumfa, a idonta aka yi komai. Ba ta wuce shekara bakwai ba.

"Yaya, ki riƙe ta wurinki," in ji shi. "Tun ranar ba ta ce uffan ba. Ni ban san yadda zan yi da ita ba."

Ɗinki nake yi a gida, sai na shimfiɗa mata tabarma kusa da kekena. Nan take wuni. In an ba ta abinci ta ci, in an aike ta ta je, amma baki gum. Da hadari ya haɗo sai ta fice tsakar gida ta tsaya, ko ruwa na dukanta ba ta yarda ta shiga ɗaki sai an ɗauke ta cak. Mun ba ta rubutu, an yi mata tofi, mun yi hayaƙi. Shiru.

Wata maƙwabciyata ungozoma ce ta ba ni labarin wata malama a ƙaramin asibitin unguwarmu, wadda ake kai wa yaran da suka firgita. Na tambaye ta irin maganin da take bayarwa, ta ce ba ta ba da magani, wasa take yi da su. Tun daga nan zuciyata ba ta kwanta ba. Wa ya taɓa zuwa asibiti don wasa? Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Na kai ta.

Malamar siririya ce mai tabarau, 'yar Gwandu, ta girme wa babbar 'yata da kaɗan. Ba gado ba allura a ɗakin, sai tabarma da wata jaka. Ta zazzage jakar, sai ga 'yan tsana irin waɗanda ake zura hannu a cikinsu: akuya mai idon maɓalli, tsohuwa mai kallabi, da ɗan tsako rawaya. Ta sa akuyar a hannu. Akuya ta ɗaga kai, ta dubi yarinyar, ta gaishe ta da wata siririyar murya wadda ba ta malamar ba.

Inda na taso, in ka ji muryar mace ta sauya haka, ba wasa ake kawowa a rai ba. Sannan malamar ta ce in zauna bakin ƙofa inda yarinyar za ta riƙa ganina, amma kada in sa baki. Wannan ma bai yi mini ba.

Da na gaya wa maigida, ya ce zai tambaya. Washegari ya tambayi liman, ya dawo ya ce, "Wasan 'yar tsana ga yara ba laifi ba ne, in ji shi. Amma ki san ko wace ce, kuma kada ki bar ta da ita ita kaɗai."

Haka muka riƙa zuwa duk mako, ina zaune bakin ƙofa idona a kan hannunta. Ina duba ko za ta shafa wa yarinyar wani abu, ko ta ɗauke ta hoto da waya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Akuya dai ta ci ciyawar ƙarya, ta yi atishawa, ta ɓuya bayan jaka. Yarinyar na kallo kamar gunki.

Da suna ya kai ni Gwandu, na yi ta bugun cikin mata a kan malamar. Wata ta ce 'yar gidan mutunci ce, ubanta malami. Wata ta ce ta daɗe wajen karatu, ta dawo da ɗabi'ar yi wa mutane tambayoyi. Wata tsohuwa ta taɓe baki ta ce mai yawan tambaya ba ya rasa inda yake kai labari. Na dawo Kalgo da zargin da ya fi wanda na tafi da shi.

Ana cikin haka, ran nan na ga yarinyar ta matsa, ta kama kunnen akuyar, ta kai bakinta. Laɓɓanta na motsi. Maimakon in yi murna, sai na shiga tambayar kaina. Ni da nake ci da ita nake yi mata wanka ban ji muryarta ba, sai tsumma? Kuma me take faɗi? Gida ba ya rasa abin da ba a so a ji a waje.

Da aka tashi na tare malamar.

"Malama, mi take gaya wa wagga aba?"

"Goggo, ki ƙara haƙuri. In na kwaso na faɗa miki yau, gobe ba za ta sake buɗe baki ba. Amma da abin da zai cutar da ita ne, da tuni kin ji."

"Akuyar ba hannunki ba ne?"

"Hannuna ne, ita ma ta sani. Abin da ya yi mata nauyi ta faɗa wa mutum, ya fi mata sauƙi ta faɗa wa akuya. Akuya ba ta harara."

Na ce ta ba ni in ga cikinta. Ba ta ji haushi ba, ta juye ta ciki waje ta miƙo mini. Tsohuwar safa ce da ƙyallen atamfa. Na bi ɗinkin da yatsa ko zan ji tudun laya, har na sunsuna. Ƙanshin sabulu kawai.

Bayan wasu makonni malamar ta ce in shigo in zauna, yarinyar ce ta nuna tana so. Malamar ta sa mini tsohuwar nan mai kallabi a hannu, ina jin kaina kamar wata shashasha. An kafa kwali a tsaye kamar bango, akuya na kwance a gindinsa. Yarinyar ta sa ɗan tsako a hannunta, ta riƙa soka bakinsa a gindin kwalin. Can sai ta ture kwalin ya rufe akuyar.

"Tsako ne ya kayar da shi," ta ce. Muryar a dushe, kamar ta wanda ya tashi daga jinya.

"Ya aka yi?" in ji malamar a hankali.

"Yana ƙwaƙular ƙasa ya gina 'yar tukunya. Inna ta ce ya bari, zai kayar muna da ɗaki. Bai bari ba."

Malamar ta dube ni, ta dubi tsohuwar da ke hannuna, wai in amsa ta bakinta. Na kasa. Na cire abar na yar, na jawo yarinyar jikina ina cewa ba ke ba ce, wallahi ba ke ba ce. Jikinta ya sandare kamar icce. Ba ta yarda da ni ba.

Malamar ta ce mini daga baya, "Ba ki san bangon ba, shi ya sa. A kira wanda ya san shi."

Na aika wa ƙanena, ya zo ranar kasuwa. Da na gaya masa abin da yarinyar ta daɗe tana ɗauke da shi, ya zauna ƙasa daɓas ya rufe fuska da hularsa. Sannan ya kira ta, ya ce mata bangon nan tun bara ya tsage ta baya, inda indararo ke zuba, shi ne ya ce sai bayan girbi zai gyara. Ya ce ranar ɗakuna da yawa suka faɗi a garin.

Ta ɗago ta dube shi. "Baba, har gidan da ba yara?"

"Har katangar masallaci, ɗiyata. Wa ke gina tukunya can?"

Ba ranar ta warke ba. Maganar ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, yau kalma gobe shiru, kuma mun ci gaba da zuwa asibitin har bayan girbi. Malamar ta so ta ba ta ɗan tsakon ta zo da shi gida, na ce a bar shi can. Na gode mata ƙwarai, har atamfa na ɗinka mata, amma abin da ke magana da muryar da ba tasa ba bai kwana ɗakina ba. Wasu matan unguwa har yau cewa suke malamar ba haka ta bar kanta ba. Ba na taya su, ba na kuma yi musu gardama.

Wata rana da hantsi ina yankan yadi, na ji hayaniya a madafa. Na leƙa, sai ga ta ita da autata sun riƙe tukunyar shinkafa kowa na ja, a kan ƙanzo. Tana ta masifa, wai jiya ma autar ce ta kankare, yau ko za a mutu nata ne. Maigida ya ɗaga murya daga zaure yana tambayar wace ce ke cika wa mutane kunne haka. Na ce masa baƙuwarmu ce, a ƙyale ta.