Tabon Lamba a Damtsen Garba

Wata Talata ce cikin kaka, ana saura shekara a sa ni makaranta, Inna ta yi wa ƙanena Garba wanka tun da hantsi, ta rambaɗa masa kwalli, ta ciro zanen goyonta na saƙi wanda ko biki ba kowanne take ɗaura wa ba. Wai za a kai shi Karaye rigakafi. Ni kuwa aka miƙo mini kara, aka ce in tsare gyaɗar da aka shanya kada awaki su yi ɓarna. Ina tsaye a bakin zaure suka fita daga ƙauyenmu Tudun Kaya, yana kwance luf a bayan da jiya-jiya nawa ne. Wallahi ranar har akuyar da ba ta yi laifi ba sai da ta sha kara.

Abin haushin, ba sau ɗaya ba ne. Su dawo da azahar yana tsala ihu, cinya a kumbure, jiki zau, shi ke nan gida ya zama nasa. Inna ba daka ba surfe, tana rungume da shi tana lallashi, Baba ya shigo da ayaba a leda, a ce ta mai shayarwa ce. Ni ce ɗebo ruwa, ni ce wankin tsumma, in na turo baki kakarmu ta ce, "Babba juji ne." Har addu'a na yi a tsira mini allurar nan, in yi zazzaɓi, a ajiye taɓarya saboda ni.

Da na shiga makaranta abin ya ƙaru. Lokacin tara 'yan ajinmu kan naɗe hannun riga a gindin darbejiya suna gwada tabon lamba, wato ɗan tabon da allurar jarirai ke bari a damtse. Nawa sumul. Suka ce ai tsinto ni aka yi. Na koma gida a fusace na tambayi Inna me ya sa ni ba a kai ni ba. Ta daɗe tana ɓarar gyaɗa kafin ta ce a gidan iyayenta ta haife ni, can ƙauyen Rogo, tsakiyar damina, rafi ya datse hanya, kuma a lokacin ba ta san amfanin abin ba.

"Ƙyanda ta kusa ɗauke mini ke, Hajara. Shi ya sa ba na wasa da ranar Garba."

Na ji, na kuma gane, amma kishin bai tafi ba.

Yanzu asibiti na nan kusa, nawa 'ya'yan duk na kai su, ban tsallake ko ɗaya ba. Inna ta riga mu gidan gaskiya. Garba ya zama magidanci, har da furfura, amma in ya tuɓe riga a gona idona kan sauka kan ɗan tabon nan, shaidar cewa Inna ta goya shi ta yi doguwar tafiya dominsa. Shi har kabari zai tafi da nasa. Ni jinyar da ta yi mini sai dai a ba ni labari.