Rigar Mai Ƙahoni

Babu abin da Goggo Mai Saƙa ta tsana irin ta ga kaya tsirara. Tun tana amarya ta kama kwarashi da zaren ulu, duk abin da ya shigo ɗakinta kuwa sai ta yi masa sutura. Talabijin na da rigarsa, rediyo na da tasa, fulas ɗin shayi har da hula mai tuntu. Marigayi mijinta yakan ce shi ya sa ba ya daɗewa a kujera ɗaya, kada ya farga an saƙa masa murfi. Da wannan sana'a ta rene 'ya'yanta bayan rasuwarsa. Yanzu idanu sun yi rauni, yatsu sun fara ƙagewa, amma kwarashin bai huta ba.

Tana da wata ɗabi'a kuma. In baƙo zai zo duba wani abu, sai ta tuɓe wa abin rigarsa tun kafin ya yi sallama, ta naɗe, ta tura ƙarƙashin matashi. A ganinta rashin ladabi ne a bar baƙo yana buɗe kaya da hannunsa.

Autarta tana aure can nesa, tafiyar jirgi. Da ta haihu ba ta samu zuwa gida ba, sai ta sa aka kafa wa Goggo akwatin waifai, wani ɗan fari mai ƙahoni biyu, don su riƙa ganin juna ta waya. Goggo ta dube shi a kan kabad shi kaɗai, tausayi ya kama ta. Ta saƙa masa riga shuɗiya mai kauri, har da safa ga kowane ƙaho.

Daga nan rikici ya fara. Auta za ta kira da hantsi, a gaisa, a tambayi ƙafa da baya, da zarar an ɗauko jariri za a nuna shi, sai hoto ya daskare, sabis ya ɗauke. Goggo ta san kunnen jikanta na hagu da rabin goshinsa, sauran kuwa sai labari.

Aka kira mai gyara, wani dattijo mai furfura da jakar kayan aiki. Ya tarar da akwatin fes, babu ko ƙura. Ya kashe, ya kunna, ya matsa wayoyin baya, ya zauna ya sha shayi yana jira, sabis bai ko girgiza ba. Zuwa na biyu ya sauya wayar da ke bayan akwatin, ya matsar da shi nesa da talabijin. Zuwa na uku ya kira kamfani, suka ce su a wajensu komai lafiya. Yana fita Goggo ta mayar da riga.

Abin da ya fi ci mata rai, kiran Auta ya fara ja baya. Ran nan ma ta ce, "Goggo, in har yanzu fushi kike ban zo gida haihuwa ba, ki faɗa mini kawai. Kullum sai na ɗauko yaron nan kike kashe waya."

"Ni? Ke ko kunya ba ki ji..." Ba ta ƙarasa ba hoto ya daskare. Ta zauna da waya a cinya, ta yi kuka sosai, don ba ta da bakin kare kanta.

Ana haka mai gyara ya dawo ba zato, ya manta sukundireba a zuwansa na ƙarshe. Ya yi sallama, ya shigo, ya tsaya yana kallon kabad.

"Hajiya, wane ne wannan a cikin kayan sanyi?"

"Akwatinka ne mana, Malam. In bar shi ƙura ta cinye shi?"

Ya zura hannu ƙarƙashin rigar, ya janye da sauri. "Taɓa ki ji. Zazzaɓi yake yi. Waɗannan ƙananan hujojin da kika toshe, ta nan yake shan iska. In ya yi zafi sai ya suma. To ni me ya sa ban taɓa ganinta ba?"

"Ai kai baƙo ne," in ji Goggo.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita dai ba ta yi ba. Ta tuɓe rigar, ta juya ta a hannu, aikin da ya ci mata idanu. Da yamma ta kama bakin zaren ta warware ta tas, ta dunƙule ulun.

Washegari ita ta kira da kanta. Aka gaisa, aka ɗauko jariri, Goggo ta riƙe numfashi. Hoto bai daskare ba. Ga kunne na dama, ga hanci irin na marigayi, ga baki yana hamma. Ta ƙura masa ido ko ƙiftawa ba ta yi, har Auta ta tambaya ko sabis ne ya sake ɗaukewa.

"Ina nan," in ji Goggo, tana share ido da gefen mayafi. Ta jawo dunƙulen shuɗin ulu da kwarashinta. "Matso mini da kansa kusa, ki juya shi in ga ƙeyar. Hula zan yi masa, ba na so ta matse shi."